Iƙirarin Tilas da Shaidar Gaskiya: Ta'asar Khmer Rouge a Gaban Shari'a



Kambodiya, ƙasar da zan yi magana a kanta yau, tana can gabas mai nisa tsakanin Tailan da Biyetnam, amma musibar da ta auka mata, da irin jiran da mutanenta suka sha kafin a gurfanar da azzalumai gaban alƙali, abu ne da ya wajaba ga mai nazarin shari'a ya dube shi da idon basira. Ranar 17 ga Afrilu, 1975, bayan yaƙin basasa na shekara biyar da ruwan bama-baman jiragen Amurka da ya tarwatsa ƙauyuka, dakarun 'yan gurguzu da ake kira Khmer Rouge suka shiga Phnom Penh, babban birnin ƙasar, cikin baƙaƙen tufafi, suka umurci mutanen birnin kaf, kusan miliyan biyu, har da majinyatan da ke kwance a asibiti, da su fita karkara, wai kwana uku za su yi su komo. Kwana ukun nan ya zama shekara uku da wata takwas da kwana ashirin.

Shugabansu Pol Pot, wanda sunansa na asali Saloth Sar, ya yi karatu a Faris, kamar wasu daga cikin muƙarrabansa, suka komo da aƙidar cewa al'umma ba za ta tsarkaka ba sai an rushe ta an sāke gini. Saboda haka suka soke kuɗi, suka rufe kasuwa da makaranta, suka hana kowace irin ibada, suka raba 'ya'ya da iyaye, suka ɗaura aure bisa tilas, suka kuma ɗora wa mayunwata noman tan uku na shinkafa a kowace hekta, alhali abincinsu bai wuce tsararon kunu ba. Hukumar ba ta da fuska. Angkar kawai ake ce da ita, wato Ƙungiya. Masana sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.7 suka halaka ta hanyar kisa da yunwa da cuta, a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan takwas ba.

A cikinsu akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham, masunta da manoma mazauna gaɓar kogin Mekong, waɗanda aka hana su salla, aka hana su harshensu, aka tattara Alƙur'anansu aka ƙone, aka kashe limamai da malamansu, aka kuma riƙa ajiye musu naman alade don a ga wanda zai ƙi ci. A ƙarshen 1975 mutanen Koh Phal da na Svay Khleang suka tashi da takubba da wuƙaƙe gaban masu bindiga, aka murƙushe su, aka warwatsa ragowarsu cikin ƙauyuka. Ba su kaɗai ba ne, domin limaman addinin Buddha, wanda shi ne addinin mafi yawan jama'a, su ma tuɓe musu rigunan ibada aka yi aka kora su gona.

Inda nake so mu daɗe shi ne wani gidan yari da ke tsakiyar Phnom Penh, wanda ake kira S-21 ko Tuol Sleng. Makarantar sakandare ce a da, shugabansa kuwa, Kaing Guek Eav, wanda aka fi sani da Duch, malamin lissafi ne, kuma da tsantsenin mai lissafi ya tafiyar da aikinsa. Duk wanda aka kawo, sai a ɗauki hotonsa, a rubuta tarihinsa, a sa masa mari, sa'an nan a yi ta gana masa azaba har ya rubuta cewa shi ɗan leƙen asirin Amurka ne, ko na Rasha, ko na Biyetnam, ya kuma jera sunayen abokan cin amanarsa. Talakan da bai san komai game da leƙen asiri ba sai ya lissafo maƙwabtansa da danginsa, su ma a kamo su, su ma su lissafo nasu. Idan takarda ta cika, sai a kwashe su da dare zuwa Choeung Ek a bayan gari, a durƙusar da su bakin rami, a buge su da ƙarfe a ƙeya don kada a ɓata harsashi. Fiye da mutum 12,000 suka bi ta wannan gida, 'yan ƙalilan suka fita da rai. Ɗaya daga cikinsu, mai zane Vann Nath, an bar shi ne don ya riƙa zana hoton Pol Pot.

Jumhurin malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba ya inganta, kuma ban san wata hujja a kan hikimar wannan hukunci da ta fi ɗakin ajiyar takardun Tuol Sleng ba, inda dubban iƙirarai suke jibge, kowanne da sa hannun mai shi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, waɗannan mutane da suka rushe kotuna, suka kashe alƙalai, duk da haka ba su iya yin kisa ba sai da suka ƙago wa kansu siffar shari'a.

Sojojin Biyetnam suka kore su ranar 7 ga Janairu, 1979. A shekarar nan wata kotu ta yanke wa Pol Pot da muƙarrabinsa Ieng Sary hukuncin kisa a bayan idonsu, amma duniya ba ta karɓa ba. Abin takaici ma, da yake Sin da Amurka da ƙawayensu suna gāba da Biyetnam, sai wakilan Khmer Rouge suka ci gaba da zama a kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya shekaru da dama, kaburbura kuwa ana ta tonowa. A 1996 Sarki Sihanouk ya yi wa Ieng Sary afuwa. A 1998 Pol Pot ya mutu a daji kusa da iyakar Tailan, aka ƙone gawarsa, bai taɓa tsayawa gaban alƙalin ƙwarai ba. Sai a 2003 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin gwamnati da Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kafa kotu ta musamman mai haɗa alƙalan gida da na waje, wadda ta fara aiki a 2006.

Da aka soma shari'ar Duch a 2009, Vann Nath ya tsaya ya ba da shaida, ya faɗi yadda yunwa ta sa suke cin ƙwarin da ke faɗowa daga rufin ɗaki, wanda ya tsare shi kuwa yana zaune yana saurare. Duch ya amsa laifi, ya nemi gafara, amma a ranar ƙarshe ya juya ya roƙi a sake shi, abin da ya ƙona zukatan iyalan mamata. Aka yanke masa shekara 35 a 2010, aka mai da shi ɗaurin rai da rai a 2012. Kotun kuma ta tsaya a kan ƙa'idar da na ambata: ta ƙi karɓar abin da ke cikin iƙirarin azaba a matsayin gaskiya, amma takardun gidan, da jerin sunayen waɗanda aka kashe, da umurnin da Duch ya rubuta da hannunsa, suka zama hujja a kansa. A ganina wannan shi ne mafi girman aikinta, cewa ta raba tsakanin abin da aka sa mamaci ya faɗa da abin da aka yi masa.

Masu suka suna cewa an kashe fiye da dala miliyan 330 don hukunta mutum uku kacal, kuma ba zan ƙaryata su ba. Ieng Sary ya mutu a 2013 ana tsakiyar shari'a. Matarsa Ieng Thirith gigin tsufa ya sa aka sallame ta. Firayim Minista na lokacin, Hun Sen, wanda shi kansa tsohon hafsan Khmer Rouge ne da ya tsere zuwa Biyetnam a 1977, ya fito fili ya ƙi a ƙara tuhumar kowa, ƙararrakin da aka buɗe a kan wasu jami'ai huɗu kuwa suka mutu, galibi saboda saɓani tsakanin alƙalan gida da na waje. Nuon Chea, mataimakin Pol Pot, da Khieu Samphan, shugaban ƙasa a wancan zamani, su aka ɗaure rai da rai a 2014.

Akwai kuma wata mas'ala mai wuya. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1948 ta keɓe laifin kisan ƙare dangi ga halaka wata al'umma saboda ƙabilarta ko jinsinta ko addininta ko ƙasarta, don haka kisan da Khmer suka yi wa 'yan'uwansu Khmer, wanda shi ne mafi yawa, ya faɗa ƙarƙashin laifin cin zarafin bil'adama. Ranar 16 ga Nuwamba, 2018, kotu ta sami Nuon Chea da Khieu Samphan da laifin kisan ƙare dangi a kan 'yan Biyetnam, amma game da Musulmin Cham, Nuon Chea kaɗai ta kama da shi. Ya ɗaukaka ƙara, ya mutu a watan Agusta, 2019, yana da shekara 93, aka rufe shari'arsa ba a saurari ƙarar ba. Ta Khieu Samphan kuwa an kore ta ranar 22 ga Satumba, 2022, kuma wannan shi ne hukunci na ƙarshe da kotun ta yanke.