Rashin Haihuwa Ba Laifin Mace Kaɗai Ba Ne: Jawabi Ga Magidantan Potiskum



Abin da ya tara mu yau magana ce wadda maza ke jin nauyin faɗinta, amma kuwa tana raba aure. A ƙasarmu idan aka shekara biyu ko uku ba a ji kukan jinjiri a gida ba, sai a ce matar juya ce. A yi mata kishiya, ko a sake ta, maigida kuwa ba mai tambayar lafiyarsa. To, binciken likitoci ya nuna cewa wajen rabin ma'auratan da ba su haihu ba, akwai matsala daga ɓangaren namiji. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na balagaggun duniya kan gamu da rashin haihuwa a rayuwarsa. Ashe ba abin kunya ba ne, ciwo ne kamar sauran cututtuka.

Ku sani ƙarfin namiji daban, haihuwa daban. Mutum yana iya zama lafiyayye ga iyalinsa, amma ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyinsa su yi kaɗan, ko su kasa motsi. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Bisa ma'aunin da hukumar ta fitar a 2021, ana so a sami aƙalla miliyan 16 a cikin mililita ɗaya.

Me ke ɓata su? Na farko, ciwon sanyi da ba a yi masa magani sosai ba, yakan toshe hanyar maniyyi. Na biyu, hangum, idan ya kama balagagge ya sauka a maraina. Na uku, kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda akan gyara da tiyata. Na huɗu, zafi, domin Allah ya halicci maraina a wajen jiki ne don su fi jiki sanyi. Garin nan kuwa ya shahara da direbobin manyan motoci masu wuni a zaune kusa da inji. Lalle ne su riƙa tsayawa suna miƙe ƙafa, su guji matsattsen wando. Taba sigari ma tana rage su.

Sai tsargiya, wadda muka sani ƙwarai a jihar nan, musamman a fadamun Haɗejiya da Nguru. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tana fitowa daga jikin katantanwa, ta huda fatar yaron da ke wanka a kududdufi, ta je ta yi ƙwai a mafitsara. Waɗansu sun ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce. Wannan kuskure ne babba. Ƙwan nan yakan kai har ga maraina da ma'ajiyar maniyyi, ya kuma cutar da ƙoda. A 1994 masana suka tabbatar da cewa tana jawo ciwon dajin mafitsara. Maganinta, watau praziquantel, ƙwaya ce da ake sha gwargwadon nauyin mutum, ana kuma raba ta kyauta a makarantu. Kada ku hana 'ya'yanku sha.

Saboda haka idan an cika shekara guda ba ciki, miji da mata su tafi asibiti tare. Gwajin namiji ba wuya, ba zafi: zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, sa'an nan ya ba da maniyyi a duba. In sakamako bai yi kyau ba akan sake, gama ƙwayoyin kan ɗauki wajen kwana 74 kafin su nuna, zazzaɓi ma yana iya rage su na ɗan lokaci. Ku guji maganin ƙarfin maza na tasha da kasuwa, wanda ba a san abin da aka haɗa a ciki ba.

Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani namu ne. Kada a zalunci 'yar mutane a kan ciwon da ba nata ba.

Allah ya ba mu lafiya da zuriya ta gari. Wassalamu alaikum.