'Yancin Ƙananan Hukumomi: Ikon Zai Kai Ga Talaka Kuwa?

An ce in yi magana kan raba ikon gwamnati, wato a rage abin da ke hannun Abuja a miƙa wa jihohi, a rage na jihohi a miƙa wa ƙananan hukumomi. To, zan tsaya ne kan ƙaramar hukuma, don ita ce ta fi kusa da mu. Ita ke da kasuwar ƙauyenku da asibitin shan magani da firamaren da ƙaninka ke zuwa.

A shekarar 1976 gwamnatin soja ta rushe tsarin En'e, ta kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa. Aka yi ta ƙara su har suka kai 774. Kano kaɗai tana da 44. A rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Ka ga kuɗi ne masu yawa, 'yan uwa. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya ce a zuba su cikin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma gwamna ne ke riƙe da makullin asusun. Shi ya sa za ka ga ciyaman yana zarya gidan gwamnati kamar almajiri da ƙoƙo, alhali kuɗin mutanensa yake nema.

Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Mutane suka yi ta murna. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Amma ku duba abin da ya biyo baya. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe, kuma hukumar zaɓen jihar gwamna ne ke naɗa ta. A Kano, a Oktoban 2024, jam'iyyar gwamna ta cinye kujeru 44 gaba ɗaya. Kada wani ya ce ai Kano ce kawai, haka aka yi a jihohi da dama, kowace jam'iyya a inda take mulki. A Anambra kuwa, a wannan watan dai, sai aka yi doka da ta tilasta wa ƙananan hukumomi mayar da wani kaso na kuɗinsu asusun jiha. To, in gwamna ne ya ɗora ka, ko an sa maka kuɗin a aljihu, da ya ce kawo ai za ka kai.

Akwai kuma wani abin da iyayenmu suka gani da idonsu. A 1991 gwamnatin Babangida ta miƙa wa ƙananan hukumomi harkar firamare da albashin malamanta. Malamai suka yi watanni ba albashi, aka shiga yajin aiki, yara suka zauna gida. Dole a 1993 aka dawo da hukumar firamare ta ƙasa. Wannan karon ba gwamna ne ya riƙe kuɗin ba, a sakatariya suka maƙale.

Duk da haka, ni ina ganin kusancin yana da amfani. Minista ba ka san gidansa ba. Kansila kuwa tare kuke sallar Juma'a, kun san mahaifinsa. In kwalbatin unguwa ta karye, akwai wanda za ka tara a ƙofar gida. Kuma in aikin ya tsaya a garin, magini da mai tifa da mai sayar da siminti na garin ne za su samu.

Abin da za ku iya yi tun yanzu shi ne, duk wata ana buga abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya, kuma yana nan a intanet. Ku nemo na taku, ku rubuta a takarda, ku haɗu ku biyar ko shida ku je wa kansilanku da ita cikin ladabi, ku tambaye shi nawa ya tafi albashi, nawa ya rage, me aka yi da ragowar.

Nan zan tsaya, mai tambaya ya ɗaga hannu.