Lacca Kan Hoton Hanta Da Saurin Yanke Hukunci

Shugaban taro, likitoci da malaman asibiti na Tambuwal da Kebbe. Ɓarnar da ciwon hanta nau'in B da gyada mai funfuna suke yi a ƙasar nan kun fi ni saninta, saboda haka ba zan tsaya kanta ba. Abin da ya kawo ni shi ne wata al'ada da ta zama mana taƙlidi, wato da zarar an shafa wa majiyyaci man sikanin a ciki, aka hango ƙululu barkatai a hanta, sai a ce dajin hanta ne, a ba dangi haƙuri su koma da shi gida, alhali hukuncin bai wuce zato ba.

Akwai wani ƙari da yake tsirowa daga ƙwayoyin da ke fitar da sinadaran jiki a ƙaramin hanji ko a fankiriyas, wanda Bajamushe Oberndorfer ya siffanta tun 1907, kuma ɗabi'arsa ita ce tafiyar hawainiya, har ma mai shi yakan rayu shekaru bayan ya kama hanta. Alamarsa gudawa ce wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ana ta ɗura wa mutum maganin taifot a banza. Littattafan Turawa sun ce fuska takan yi ja, to a fatarmu wa zai ga wannan? Sai dai a tambayi mutum ko yakan ji zafi yana taso masa daga ƙirji zuwa fuska.

Hujjata ga ta. Hanta tana samun wajen kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ta taso daga hanji, ragowar kuwa daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, kuma daga wannan ta biyun ne ƙarin yake sha. Don haka idan aka yi wa majiyyaci allurar ruwan hoto aka sa shi cikin na'urar CT, ƙarin yakan haska wajen daƙiƙa 35, amma kafin daƙiƙa 70 hantar kanta ta cika da ruwan, ƙananan ƙululun sun saje da ita. Rabin minti ke nan tsakanin gani da rashin gani. Mutum ya sayar da akuya, ya yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, to wajibi ne takardar da ya riƙo ta faɗi ƙarara cewa hoto mai zango uku ake bukata, domin mai na'ura ba ɗan duba ba ne.

Masu cewa sai an sami hoton PET na galiyam-68, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, ba na musun fifikonsa, sai dai rabin ƙarfin sinadarin yana gushewa cikin minti 68, kafin mota ta iso nan daga Sakkwato. Masu cewa cutar nadiri ce kuwa, yaushe suka neme ta?

Dajin hanta na asali shi ma yana haskawa a zangon farko, wato wajen daƙiƙa 35 ɗin nan, don haka hoto kaɗai bai isa yaƙini ba. A gwada jini don ciwon hanta, kuma duk wanda hantarsa ba ta ƙanƙance ba a tsakuro tsoka da allura a kai awo, domin in ƙarin nan ne, allurar oktiriyotayid ta wata-wata tana tsayar da gudawar, tana kuma rage masa gudu.