Inabin Rubired da Darasinsa ga Manoman Ƙasar Mada



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani irin inabi da ba a san shi sosai ba, mai suna Rubired, da kuma abin da manomin Mada, da na Tsafe da Bunguɗu, zai iya koya daga tarihinsa. Galibin mutane sun ɗauka cewa inabi ɗan ƙasar sanyi ne, watau zafin rana shi ne ya hana shi zama a ƙasar Hausa. Wannan zato yana bukatar gyara.

Asalin irin

Wani masanin tsirrai, Harold Olmo, na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, shi ne ya samar da Rubired, aka fitar da shi ga manoma a shekarar 1958. Ya haɗa iri biyu ne: Tinto Cão na ƙasar Fotugal da Alicante Ganzin na Faransa. Shi wannan na biyun yana da dangantaka da wani inabin daji na Amurka, saboda haka Rubired ruwa biyu ne. Manufar ita ce a sami kurangar da za ta jure zafin kwarin San Joaquin, ta kuma yi 'ya'ya da yawa.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne launi. Yawancin jan inabi ɓawonsa ne kawai ja, in aka matse shi ruwan fari-fari ne. Shi kuwa Rubired har tsokarsa ja ce wur. Faransawa suna kiran irin wannan inabi da wani suna mai ma'anar marini, kuma duk wanda ya san aikin karan dafi a wurin dukawa zai gane dalili.

Gaskiya ne an samar da shi da niyyar ƙara wa giya launi. Amma kasuwarsa ba ta tsaya nan ba: ana dafe ruwansa ya yi kauri, a sayar wa masu yin lemon kwalba da masu ba abinci launi. Wannan batu yana da muhimmanci a Jihar Zamfara, inda aka fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, giya kuwa haramun ce ga Musulmi. Inabi kansa halal ne, haka ruwansa muddin bai zama mai sa maye ba, haka kuma zabibi.

Inda matsalar take

Kwarin San Joaquin yana da zafi ƙwarai, amma ruwansa da lokacin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take. A ƙasar Gusau al'amarin ya sha bamban, domin ruwa yakan zuba ne tun daga Yuni har zuwa Satumba, tare da ɗumi. Laima da ɗumi su ne abin da cutar fumfuna take so, wadda ke ƙone ganye ta ruɓar da 'ya'ya. Ashe ke nan damina ita ce babbar abokiyar gabar inabi a nan.

Matsala ta biyu ita ce hutu. A ƙasashen sanyi kuranga takan zubar da ganye ta kwanta, sa'an nan ta farka ta yi toho gaba ɗaya. Hunturun ƙasar Hausa bai kai ya sa ta wannan barci ba. Manoman Nashik a Indiya sun magance wannan ta hanyar datse rassa sau biyu a shekara: sau ɗaya a Afrilu don kuranga ta gina jiki, sau ɗaya a Oktoba don ta yi fure, 'ya'yan su nuna cikin rani. A yankin Petrolina na Brazil kuwa, ban-ruwa daga kogin São Francisco ya sa ana girbi sau biyu a shekara.

Ba sai an je nesa ba ma. Manoma a Ƙaramar Hukumar Kudan, kusa da Zariya, sun yi suna da noman inabin ci. Wannan ya isa shaida cewa kuranga tana iya rayuwa a ƙasar Hausa.

Abin da ya kamata a yi

Duk da haka, gani ga wane bai isa dalilin zuba jari ba. Inabi ba gero ba ne da za a shuka a girbe cikin wata uku. Yana bukatar rumfa, da ruwa duk tsawon rani, da kariya daga gara da tsuntsaye, sai kuma ya shekara biyu ko uku kafin ya ba da amfani. Manomin da rashin tsaro ya hana shi zuwa gonarsa mako biyu a lokacin fure, ya yi asarar shekara. Bugu da ƙari, inabi irin Rubired ba na tallar tire ba ne. In babu masana'antar da za ta matse shi, babu mai saye.

Saboda haka nauyi yana kan jami'o'i da ma'aikatun gona. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suna iya keɓe ɗan fili a gwada iri daban-daban na wasu shekaru, a rubuta wanda ya jure damina da wanda ya mutu, kafin a ba kowane manomi ko reshe ɗaya. Jami'in da ya raba irin da ba a gwada ba, da dukiyar talaka yake caca.

Kammalawa

Olmo bai tilasta wa inabin Turai zama inda bai dace da shi ba. Ya dubi ƙasar tukuna, sa'an nan ya ƙirƙiro irin da zai zauna da ita. Wannan shi ne aikin da ke jiran ɗaliban da ke zaune a wannan zaure. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma dawo da zaman lafiya.