KARATU SAI DA BITA

Jawabin da wani malamin lakwal ya yi wa wakilan rassan Konni da Malbaza da Illela

  Shugabanni sun ce in yi magana a kan karatun littattafai, ga shi kuwa ni yaro ne a cikinku, sai ku yi haƙuri da ni.

Yaro yakan yi shekara 6 a lakwal, ya fita yana karanta takarda sarai. Ka gamu da shi bayan shekara 5 a tashar mota ko a garkar albasa, ka miƙa masa wasiƙa, sai ka ga yana bin baƙi da yatsa yana i'ina, can ya ce idonsa ke ciwo. Idonsa lafiya lau. Tun ran da ya bar aji bai sake buɗe littafi ba. Haka dattijon da ya shiga yaƙi da jahilci da rani: damina ta faɗi, ya koma gona, kafin kaka baƙaƙen sun watse masa. Alarammomi sun riga mu sanin wannan, shi ya sa komai ƙarfin haddar mutum ba ya barin tilawa. Mu 'yan boko mu ne muke zaton in an ba mu takardar shaida an gama.

Hasarar da ke cikin wannan kun san ta. Manomin Galmi da ba ya iya karanta takardar bashin taki, ko rubutun da ke jikin kwalbar maganin ƙwari, dole ya yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa masa. Ba sai na daɗe a nan ba.

Akwai wata hasara da ta fi wannan. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Kaftin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Konni, ta ƙone gari, ta kashe mutane ba iyaka. Kakanni sun ba da labarin da baki, kuma gaskiya suka faɗa. Amma in wani ya tashi ya ce ƙari aka yi, da me za ka ƙaryata shi? To, akwai Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsai da su. Ya bi sawunsu gari gari yana rubuta abin da idonsa ya gani, har mutanen Voulet suka harbe shi ran 14 ga Yuli 1899. Daga baya aka buga rubutunsa. Watau shaida daga bakin nasu tana nan a takarda. Abdullahi Mamani kuma, ɗan ƙasarmu, ya buga littafin Sarauniya a 1980, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta yi tsayayya da wannan runduna. Mutum nawa a nan suka taɓa riƙe shi a hannu? Labarin garinmu ne, amma baƙi sun fi mu karanta shi. Wannan abin kunya ne, ba na ɓoye muku.

Kada kuma wani ya ce karatun littafi al'adar Nasara ce. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ya bar littattafai fiye da 100. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, har yau duk mai neman tarihin ƙasashen nan sai ya koma gare shi. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙin ilmi da Hausa, jajoji suna kai wa mata har ƙauyuka. Saboda haka mai karanta ajami ba jahili ba ne, ko da bai san harafin boko ko ɗaya ba, kuma mace ba a bar ta a baya ba tun wancan zamani.

To, yaya za a yi? Na san za ku ce littafi tsada, kuma gaskiya ne. Amma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin reshe ba. Kowane reshe ya sami akwatin ƙarfe mai kwado, saboda gara. Kowa ya kawo dala 20 ran kasuwa, a damƙa wa mai zuwa Sakkwato, tun da ba ta kai kilomita 100 daga Konni ba. A fara da masu daɗi, irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin wanda ya fara da mai nauyi yakan ajiye tun a shafi na uku. A sa mutum ɗaya ya riƙe kundi yana rubuta sunan mai aro da ranar mayarwa. Aro kwana 7 ne, ko ɗan sarki ne.

Bayan sallar isha'i, sau biyu a mako, a shimfiɗa tabarma, mutum guda ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara. Kada a bar wa malamin lakwal kullum. A riƙa zagayawa, mai i'ina ma a ba shi shafinsa, kuma wanda ya yi masa dariya ya biya goro. In littafin na Faransanci ne, kamar na Mamani, mai karatu ya tsaya yana juyawa da Hausa. Samari kuwa, rabin sa'a ɗin nan a kife salula a ƙasa, saƙon murya ba zai gudu ba. Mata su yi nasu zama a cikin gida da hantsi ko da la'asar, yadda ya yi musu daidai, akwati ɗaya ne da na maza.

Wakilin kowane reshe ya zo taro mai zuwa da sunan wanda zai riƙe kundi, da sunayen littattafai 3 da jama'arsa suka fi so a fara saye. Haza wassalam.