Lasifika da Amfilifaya: A Daidaita Kaya da Mai Ɗauka

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a masallatanmu, tun daga Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu har Tsafe da Gusau, jama'a kan yi karo-karo su sayi amfilifaya, amma kafin shekara ta zagayo ta ƙone. Sau da yawa laifin na haɗi ne.

Kowace lasifika tana da turjiya, wato gwargwadon yadda take tare wutar da ake tura mata. Ana auna ta da om, daga sunan Bajamushe Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idar a 1827: muddin turjiya ta ragu, jan wuta zai ƙaru. Lasifika mai om 8, in an ba ta bolt 20, amfiya 2.5 take ja. In aka haɗa huɗu kafaɗa da kafaɗa, kowace da wayarta daga bakin amfilifaya, turjiya ta koma om 2, ja ya kai amfiya 10. To, na'urar da aka ƙera domin om 8 sai ta ɗau zafi, muryar ladan ta dusashe, daga bisani ta ƙone.

Maganin kuwa mai sauƙi ne. A jera biyu, wuta ta ratsa ɗaya ta shiga ɗaya, su ba da om 16. A yi wani jerin haka, a haɗa jerin biyu kafaɗa da kafaɗa, sai a dawo om 8 cif.

Saboda haka, mu da al'umma ta ilimantar, wajibi ne mu karanta musu lambar da ke bayan kowace na'ura kafin a ɗaura waya, domin kuɗin talaka ne. Allah ya sa mu dace, amin.