Mary Fielding Smith: Matar da Ta Koro Shanunta Zuwa Salt Lake



Duk wanda ya buɗe littafin tarihin ƙaurar mabiya ɗariƙar Mormon zuwa yammacin Amurka, sunan Brigham Young zai fara cin karo da shi, da ranar 24 ga Yuli 1847 da ya isa kwarin Salt Lake. Ni kuwa yau wata mata nake so mu bi sawunta, wadda ta iso bayansa da shekara guda, tana tafe da marayu da shanun da suka gaji.

An haifi Mary Fielding a Ingila a 1801. Ta bi ɗan'uwanta Joseph da ƙanwarta Mercy zuwa Toronto a Kanada, kuma a can suka karɓi wannan ɗariƙa a 1836 ta hanyar wa'azin Parley Pratt. A ƙarshen 1837, a garin Kirtland na jihar Ohio, ta auri Hyrum Smith, yayan wanda ya kafa ɗariƙar. Matarsa ta fari ba ta daɗe da rasuwa ba, ta bar 'ya'ya biyar, har da jaririya. Amarya ce ta shiga ɗaki ta tarar da goyo yana jiranta.

Ba a cika shekara ba masifa ta sauko. Sun koma jihar Missouri, sai a Oktoban 1838 gwamnan jihar, Lilburn Boggs, ya ba da umarnin a kori 'yan Mormon daga jihar ko a hallaka su. Aka kama Hyrum. Yana tsare ta haifi ɗanta Joseph ranar 13 ga Nuwamba, ta kwanta ciwo na watanni, har sai Mercy ce ta riƙa shayar da jaririn tare da tata 'yar. A kwance aka ɗauke ta cikin tsananin sanyi zuwa Illinois. A can garin Nauvoo suka ɗan sarara, ta haifi Martha Ann, ita da Mercy kuma suka tara mata suna ba da kwabo ɗaya duk mako don sayen ƙusoshi da gilashin ɗakin ibada. Ranar 27 ga Yuni 1844 gungun mutane suka afka wa kurkukun Carthage, inda aka sake tsare mijinta, suka kashe shi da ƙaninsa wanda ya kafa ɗariƙar.

A 1848 ta tashi daga zangon Winter Quarters cikin ayarin Heber Kimball, wanda aka ɗaura mata aure da shi bayan kisan Hyrum, ko da yake ita ce ta ci gaba da riƙe gidanta. Tafiyar ta kai kimanin mil 1,000, kuma ɗanta Joseph, yana ɗan shekara tara, shi ke kora shanun ɗaya daga cikin kekunanta. Shi ne daga baya ya ba da labarin cewa wani jagoran ayari ya ce mata ta koma, don za ta zama kaya a wuyan jama'a, ita kuwa ta ce za ta riga shi isa ba tare da ta roƙe shi komai ba, kuma ta riga shi. Ina so ɗaliban tarihi su lura a nan. Yawancin abin da ake faɗa game da wannan tafiya ya fito ne daga bakin ɗa mai ƙaunar uwarsa, wanda bai taɓa huce wa jagoran nan ba, kuma wanda ya zama shugaban ɗariƙar a 1901. Na yarda da jarumtarta ƙwarai, amma muryar ɗanta muke ji fiye da tata, kuma wannan yana damuna.

Akwai kuma abin da bai kamata mu tsallake ba. Ƙasar da suka sauka ba kango ba ce. Ƙabilun Ute da Shoshone da Goshute suna rayuwa a yankin tun kafin zuwan Bature, kuma gonaki da garkunan baƙin sun ci wuraren farautarsu da ruwansu. Waɗanda aka kora daga Missouri da Illinois sun zo sun takura wa wasu, kuma gonar Mary tana cikin wannan lissafi.

A Millcreek, kudu da garin Salt Lake, ta gina ɗan gida na tubalin laka, ta yi noma da ruwan da ake janyowa daga rafin dutse, domin ruwan sama bai isa ya raya shuka a can ba. Wata shekara ta loda dankalinta mafi kyau ta kai ushiri. Magatakarda ya ce bai dace mace mai marayu ta biya ba, sai ta tsawata masa, ta ce kada ya hana ta albarka. A ganina abin da ta ƙi shi ne a rubuta ta cikin masu jiran sadaka, alhali da hannunta ta noma.

Shekara huɗu kacal ta yi a kwarin. Ta rasu ranar 21 ga Satumba 1852 tana da shekara 51, Joseph na da 13, Martha Ann na da 11. An ɗauke gidan tubalin daga Millcreek, yanzu yana tsaye a wani filin adana tarihi a bakin birnin Salt Lake.